Alonso da Takardar da ke Aljihuna

Akwai wani dattijo tela a Mirriya da ba ya fashin kirana a shirin wasanni. Shekara shida ke nan muna magana da shi duk daren Litinin da na Juma'a, amma ban taɓa ganin fuskarsa ba. Da zarar na ɗaga layi na ji ƙarar keken ɗinki ta tsaya, na san shi ne. Yawancin masu kirana 'yan Barcelona ne ko 'yan Madrid, sai tsirarun 'yan Arsenal masu dogon haƙuri. Shi kuwa duk ƙungiyar da manya suka rena, ita ce tasa. Shi ya sa a kakar wasa ta 2023 zuwa 2024 ya koma Bayer Leverkusen ta ƙasar Jamus, ko da yake har yau sunan bai zauna masa a baki ba. "Yaran Alonso" yake ce musu.

Wani daren Juma'a, ƙarshen watan Fabrairun 2024, ya kira kamar yadda ya saba. Bayan mun gaisa, na tambayi iyali da kasuwa, sai ya ce, "Ɗana, tambaya ɗaya ce da ni yau. Wannan yaron zai tafi ne, ko zai zauna?"

Ban ko yi tunani ba na ce, "Baba, in dai ya tafi, to ya ci amana."

Na faɗe ta da ƙarfi, har mai kula da na'ura ya ɗago kai ya dube ni ta cikin gilashi. Abin da Baba tela bai sani ba, a zatona, shi ne a daidai wannan lokacin akwai takarda ninke cikin aljihun rigata. Wani babban gidan yaɗa labarai ne a Yamai ya aiko mini da ita, yana nemana aiki. Albashin da suka rubuta ya ninka nawa har da ɗoriya, kuma sun ba ni zuwa ƙarshen watan Maris in ba su amsa. Kwana tara tana aljihuna, ban nuna wa kowa ba, ko mai ɗakina.

Ga wanda ba ya bin ƙwallon Turai, bari in faɗi dalilin da ya sa tambayar nan ta cika kowace fada ta masu shan shayi a Damagaram. Leverkusen ƙaramin gari ne kusa da birnin Kolon, bai kai Damagaram yawan jama'a ba. Ma'aikatan kamfanin magunguna na Bayer ne suka kafa ƙungiyar a 1904, kuma har zuwa farkon 2024 ba ta taɓa ɗaukar kofin Bundesliga ba. Sau biyar tana ƙarewa ta biyu. A 2002 kofi uku suka kuɓuce mata cikin 'yan makonni: na lig, da na ƙalubalen Jamus, da na Zakarun Turai, wanda Real Madrid ta doke ta 2-1 a Glasgow da wannan ƙwallon ta Zidane da har yau ake nunawa. Abin ya kai ana yi mata laƙabin tsokana da ke nufin wadda ba za ta taɓa ci ba.

A watan Oktoban 2022 aka ba Xabi Alonso ƙungiyar, tana ta 17 cikin ƙungiyoyi 18. Bai taɓa horas da babbar ƙungiya ba. Ƙungiya ta biyu ta Real Sociedad ya riƙe a Sifaniya kafin nan. Cikin shekara guda da 'yan watanni ya mai da su abin tsoro. Ranar 10 ga Fabrairun 2024 suka lallasa Bayern Munich 3-0, Bayern ɗin da ta ɗauki kofi sau 11 a jere. Mu nan kuma abin da ya ƙara jawo mu shi ne 'yan Afirka da ke cikinsu: Victor Boniface da Nathan Tella na Najeriya, da Edmond Tapsoba na Burkina Faso, da Odilon Kossounou na Kodebuwa. Gidajen kallon da a da ba sa kula wasan Jamus sai suka fara rubuta shi a allo.

Ana cikin haka ne manyan kujeru biyu suka buɗe. Ranar 26 ga Janairu Jurgen Klopp ya ce zai bar Liverpool a ƙarshen kaka, a watan Fabrairu kuma Bayern ta sanar za ta rabu da Thomas Tuchel. Duka biyun gidajen Alonso ne: ya buga wa Liverpool daga 2004 zuwa 2009, yana cikin waɗanda suka ci ƙwallo a wasan ƙarshe na Istanbul a 2005, ya kuma rufe wasansa a Bayern a 2017. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, saura a ji wanne zai zaɓa.

Masu kirana sun rabu gida biyu. Matasa suna cewa mahaukaci ne kaɗai ake kira Liverpool ya tsaya shawara, dama sau ɗaya take ƙwanƙwasa ƙofa. Ni kuwa na riƙe ɗaya ɓangaren, na kuma zo da hujjojina. Na tuna musu David Moyes, wanda ya yi shekara 11 a Everton ana girmama shi, ya koma Manchester United a 2013 da kwantiragin shekara shida, aka sallame shi kafin ya cika shekara guda. Na tuna musu Graham Potter, wanda ya bar Brighton a Satumban 2022 ana tsakiyar kaka, ya tafi Chelsea, zuwa Afrilun 2023 an kore shi. Na ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Na ce hangen dala ba shiga birni ba ne. Duk karin maganar da na gada daga kakata sai da na kwashe ta na zuba a shirin.

Hujjojin gaskiya ne, ban ƙirƙiri ko ɗaya ba. Sai dai yanzu da na waiwaya, na gane ba da masu saurare nake gardama ba. Da takardar aljihuna nake yi.

Akwai kuma wani tsohon tabo. Lokacin da na dawo daga karatun aikin jarida a Yamai, wanda ya karɓe ni a gidan rediyonmu shi ne mai shirin wasanni na wancan lokacin. Shi ya koya mini yadda ake numfashi gaban makirufo, da yadda ake katse mai kira ba tare da an ci fuskarsa ba, da cewa kada in taɓa faɗin sakamakon wasa sai na ji shi daga wuri biyu. Ina kiransa Yaya, yana ce mini ƙanena. Wata ranar Asabar na zo aiki aka ce ai ya tafi, ya samu aiki a wani gidan rediyo na ƙasar waje. Ko sallama bai yi mini ba, balle masu saurare. Ranar Litinin aka tura ni ɗakin shiri ni kaɗai, gumi na zuba, layi na ta ƙara, kowa na tambaya ina yake. Wata uku ina amsa wannan tambayar. Na daɗe ina riƙe da shi a zuciya, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan taɓa yi wa kowa haka ba. To ga shi yau takarda ta zo mini, irin wadda ta zo masa.

Wanda bai yi aiki a ƙaramin gidan rediyo ba zai ga kamar wasa muke yi da ƙwallo da gaishe-gaishe. Kuɗin gidan daga sanarwar aure da suna da rasuwa yake fitowa, da katin gaisuwa, da ɗan tallan masu shaguna. Wata ya yi kyau a biya mu a kan lokaci, wata ya ƙi a ce mu ƙara haƙuri. Ina da mata da 'ya'ya biyu, gidan haya, ga Inna da ciwon ƙafa ya zaunar a Birni, ni ne babba a ɗakinta. Mutum zai fita kasuwar Dole ana nuna shi ana cewa ga mai shirin wasanni nan, ɗan kabu-kabu ya ƙi karɓar kuɗinsa don yana jin daɗin shirin, ya koma gida ya tarar mai gidan haya ya aiko sau biyu. Suna ba ya cika tukunya.

Da azumi ya kama, cikin watan Maris, mai ɗakina ta ga takardar lokacin da za ta wanke rigar. Ba ta ce komai ba sai bayan an sha ruwa, yara sun kwanta. Ta ajiye ta kusa da kwanon kunu ta ce, "Baban yara, wannan fa?"

Na fara yi mata bayanin da nake yi a rediyo: masu saurare, amana, shirin da na gina da hannuna, Inna. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Maganar Inna na yarda. Sauran kuwa, kai dai ce tsoro kake ji."

Na yi fushi a daren, don ta faɗi gaskiya. A Damagaram ni wani ne. A Yamai, mai nisan kusan kilomita 900, zan koma sabon yaro cikin mutanen da Faransancinsu ya fi nawa santsi, a garin da Zabarmanci ke da ƙarfi a kasuwa da cikin unguwa, inda ba wanda zai ce muryar nan na san ta. Duk lokacin da na ambaci Moyes a shiri, kaina nake gani cikin rigarsa, ina dawowa tashar mota da jaka bayan wata goma, an riga an ba wani kujerata.

Na je wajen Inna da maganar. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, kuma ba ta cika duban fuskata ba in muna magana. Tana jan carbi ta saurare ni, sannan ta ce, "Kai wannan, ni ban riƙe ka ba. Ƙannenka suna nan. In alheri ne Allah ya tabbatar, in ba shi ba ne Allah ya musanya." Na fito ban ƙaru da komai ba sai nauyi. Da ma ta ce kada in tafi, da na samu wanda zan jingina wa.

Ranar Juma'a 29 ga Maris, saura kwana biyu wa'adina ya cika, labari ya fito daga Jamus. Alonso ya faɗa wa 'yan jarida da bakinsa cewa ba inda za shi, Leverkusen ce wurin da ya dace ya ci gaba da koyon aikinsa a yanzu. A daren nan layinmu bai huta ba. Na yi ta murna a iska kamar ni na ba shi shawara. Baba tela ya kira yana dariya, ya ce, "Yaron nan ɗan halak ne." Washegari da safe na kira Yamai na yi godiya, na ce a yi mini uzuri. Wanda ya amsa ya ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri. Maganar ba ta kai minti biyu ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Ranar 14 ga Afrilu, 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah, Leverkusen ta ci Werder Bremen 5-0 ta ɗauki kofin Bundesliga na farko cikin shekara 120. Boniface ne ya buɗe da bugun fenareti, Florian Wirtz ya ci uku. A gidan kallon da nake, a Zango, yara suka hau kan benci suna ihu saboda garin da ba su san inda yake a taswira ba. Suka gama lig wasa 34 ba a doke su ba, sun ci 28, kunnen doki 6, abin da ba a taɓa yi ba a Bundesliga. Sai da suka jera wasa 51 a duk gasanni ba a ci su ba, kafin Atalanta ta tare su a Dublin ranar 22 ga Mayu, a wasan ƙarshe na kofin Europa, inda Ademola Lookman, shi ma ɗan Najeriya, ya zuba musu uku shi kaɗai. Bayan kwana uku suka ɗauki kofin ƙalubalen Jamus. A lokacin ji nake kamar da ni aka ci kofunan nan. Na ce wa kaina, ka gani, mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Amma akwai abin da na ƙi kallo. Manyan kujerun nan ba su jira kowa ba. Liverpool ta ɗauko Arne Slot daga Feyenoord, Bayern ta ɗauko Vincent Kompany daga Burnley, kuma dukansu suka ɗauki kofin ƙasashensu a 2025. Haka ni ma, kafin babbar Sallah na ji an ba wani abokin karatuna aikin da na ƙi. Yaro ne mai ƙoƙari, na kira shi na yi masa murna, kuma har zuciyata na yi. Amma duk ƙarshen wata, in albashi ya yi jinkiri, sai in kama kaina ina lissafin abin da yake ɗauka.

Sai ga 9 ga Mayun 2025, ita ma Juma'a. Alonso ya sanar zai bar Leverkusen a ƙarshen kaka. Kafin wata ya ƙare Real Madrid ta tabbatar shi ne zai gaji Carlo Ancelotti, wanda ya koma horas da 'yan wasan Brazil. Madrid ɗin da ya buga wa daga 2009 zuwa 2014. Ashe mutumin da na ɗauka ya ƙi tafiya, lokaci kawai ya zaɓa. Ya rufe ƙofa biyu, shekara na zagayowa wadda ta fi su girma ta buɗe masa.

A nan ne na ga wautata. Na auna kaina da mutumin da ya ɗauki kofin duniya a 2010, wanda ko ya zauna gida shekara biyu wayarsa ba za ta daina ƙara ba. Shi in ya ce a'a, darajarsa ƙaruwa take yi. Ni da na ce a'a, suna na gaba a jerin aka kira. Jira ma wani irin arziki ne, ba kowa ke da shi ba. Na kuma tuna Yayana da ya tafi ba sallama, wanda na yi shekaru ina zargi. Wataƙila shi ma kwana biyu aka ba shi. Wataƙila ya san in ya tsaya yin sallama ba zai iya tafiya ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A makon nan na nemi lambarsa na kira shi, karo na farko cikin shekaru. Da ya ji muryata ya ce, "Ƙanena, ashe kana nemana?" Muka yi hira mai tsawo, ba wanda ya ta da tsohon zance.

A shirin daren 9 ga Mayun, na shiga da shirin rarrashin Baba tela. Na ɗauka zai zo da ɓacin rai, tunda ni na koya masa kiran abin cin amana. Can wajen ƙarshen shiri na ji keke ya tsaya.

Na ce, "Baba, sai haƙuri, yaronka zai tafi."

Ya ce, "Haƙurin me, ɗana? Shekara arba'in ina kan keken nan. Yaran da na koya wa ɗinki ban san adadinsu ba. Duk wanda ya iya yanka, wata rana zai buɗe shagonsa, ko ya tafi Kano ko Agadas. Wanda ya zauna har abada, sau da yawa wanda bai iya ba ne. Ni abu biyu nake dubawa. Ɗinkin Sallar da ya karɓa, ya gama shi kafin ya tafi? Kuma ya zo ya faɗa mini da bakinsa, ko a bakin mutane na ji? Yaron nan ya gama ɗinkinsa, ya kuma yi sallama da rana tsaka. Allah ya ba shi sa'a."

Na yi shiru, abin da ba a yi a rediyo. Sai ya ƙara da cewa, "Kai ma bara an ce an kira ka Yamai."

Ashe an sani. A garuruwanmu takarda ba ta ɓuya a aljihu. Na ce, "Haka ne, Baba, amma ban je ba."

Ya ce, "Mun ji daɗi da ba ka je ba. Amma kada ka ce don mu ka zauna, kada wata rana ka ɗora mana. In an sake kiranka, ka koya wa wani yaro shirin, ka faɗa mana, ka tafi. Mu ma muna da rediyon da ke kamo Yamai."

Yanzu da nake wannan rubutu damina ta sauka. Leverkusen ta ƙare ta biyu a kakar 2024 zuwa 2025, kuma bayan tafiyar kocin 'yan wasa sun bi: Wirtz da Jeremie Frimpong sun koma Liverpool, Jonathan Tah ya tafi Bayern. Haka ƙwallo take, ƙaramar ƙungiya ta shuka, babba ta zo da buhu. Duk wanda ya ce wannan bai yi ciwo ba bai taɓa son ƙaramar ƙungiya ba. Amma kofin 2024 yana Leverkusen, ba wanda zai saye shi, kuma da Alonso ya tafi a wancan watan na Maris da zuciyarsa, ko da jikinsa ya zauna har Mayu, ban tabbata za su gama kakar yadda suka gama ba.

Ni dai har yau ban yanke wa kaina hukunci ba, ko daidai na yi ko kuskure. Ranar da na kai Inna asibiti da kaina, na zauna kusa da ita har aka gama, sai in ce daidai na yi. Ranar da mai gidan haya ya aiko, sai in ce mai ɗakina ta fi ni gaskiya. Abin da ya canza shi ne bakina a shiri. Har yanzu kusan duk mako sai an kira an tambaye ni ko kocin ƙungiya kaza zai tafi. Ina faɗin abin da na sani: saura shekara nawa a kwantiraginsa, wace kujera ce ta buɗe, me ya faɗa da bakinsa, me 'yan jarida ke hasashe kawai. Kalmar cin amana kuwa na daina saurin fito da ita.

Akwai wata yarinya da ta zo koyon aiki wajenmu bara, ta fi ni sanin ƙwallon Italiya, muryarta kuma ba ta rawa. Tun bayan babbar Sallah ita ke gabatar da shirin Litinin, ni ina zaune gefe ban cewa komai sai in ta dube ni. Na koya mata kada ta faɗi sakamako sai ta ji shi daga wuri biyu. Makon jiya Baba tela ya kira, ya gaishe ta, ya ce mata 'yata, suka yi ta gardama a kan Madrid har lokaci ya ƙare, bai ko tambayi inda nake ba. Na ji wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji. Da na koma gida na ciro takardun karatuna daga ƙasan akwati, na kaɗe musu ƙura, na sa su cikin sabon ambulan.